Irin da Ba a Shanyawa

Wanda ya yi wa Baba wanka wani dattijo ne direban tasi, wanda suka shekara talatin suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Da aka dawo daga maƙabarta ya zauna a bakin gareji, inda maza ke karɓar gaisuwa saboda sanyin Disamba, ya dubi maigidana ya ce, "Na cuɗa, na cuɗa, baƙin nan na gefen farcensa ya ƙi fita. Sai na ce a bar masa abinsa, ai haka muka san shi." Ya fara dariya, dariyar ta juye masa ta zama kuka, sai da aka kama shi aka ba shi ruwa.

Ɗaliban jami'a sun zo ƙungiya-ƙungiya, wasu a keke, wasu a bas. Kowa da labarinsa, kuma kowane labari sai ka ji kwalba a ciki: kwalbar ƙwayar walnot, 'ya'yan wata bishiya masu taurin ɓawo, da Baba ya danƙa masa a sanyinsa na farko a ƙasar nan ta Amurka, ya ce ya riƙa barbaɗawa a kunu. Tsohuwar maƙwabciyarmu, Ba'amurkiya mai tafiya da sanda, ta tsallako titi da kek a hannu, ta tuɓe takalmi a ƙofa ba wanda ya gaya mata, ta zauna kusa da Hajiya, matar Baba, ta riƙe hannunta.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Ba zan kama sunansa ba. Ban kama shi yana raye ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Hausawan garin nan na Greensboro ba sa buƙatar suna, da ka ce dattijon unguwar Glenwood mai baƙin hannu, an gane.

Ni kuwa ranar ban yi kuka ba, har mata suka fara satar kallona. Abin da ya fasa ni ya faru ne a kicin. Abincin sadaka ya yi yawa, ana neman wuri a firij, sai wata Anti 'yar Gana mai saurin hannu ta jawo wata leda daga can ƙasa, ta ɗaga ta sama.

"Kai jama'a, yashi a firij? Jiƙaƙƙe ma fa. Ku miƙo mini tirash in zubar."

Ban san lokacin da na tsallake tukwane biyu na fizge ledar ba. "Anti, ajiye! Don girman Allah ajiye!" Muryata har gareji. Daga falo Hajiya, wadda tun safe ba a ji bakinta ba, ta ce, "A fitar da naman, a mayar da yashin." Na mayar da ledar, na zauna a ƙasa na jingina da firij, sannan kukan ya zo.

A cikin yashin nan akwai ƙwallayen baƙar walnot ashirin da huɗu, irin da Baba ya zaɓa da hannunsa a kakarsa ta ƙarshe. Gidan su Baba na haya ne, an sayar da shi ga masu gina ɗakunan ɗalibai, kuma an gaya mana bishiyar walnot ɗin da ke bayan gida za ta faɗi kafin ƙarshen Yuni. In ledar nan ta bushe ko ta sha zafi, aikin shekara talatin ya tafi ke nan. Abin da matan ba su sani ba shi ne, na taɓa kashe masa irin wannan da hannuna, kuma har ya koma ga Allah ban buɗe baki na roƙe shi gafara ba.

Baba malamin gona ne a gida kafin ya zo nan ƙaro karatu. Karatun ya ƙare, komawa ba ta yiwu ba, sai ya kama aikin yankan ciyawa da gyaran furanni a manyan gidajen unguwar Irving Park. Bai taɓa jin kunyar faɗar haka ba. A wani gida ne aka sa shi ya kwashe wasu korayen ƙwallaye da suka cika ciyawa, ya kai bola. Ya fasa ɗaya da dutse ya ɗanɗana, ya ce tun ranar bai sake ganin mutanen unguwar da cikakken hankali ba. "Abinci yana faɗo musu daga sama, suna biya a zubar." Sunan walnot ma bai zauna a bakinsa ba, gyaɗar sama yake ce mata.

Daga nan ya zama abin da Hajiya ke kira mai tsince-tsince. Duk Oktoba, in kun shiga motarsa, ku ƙaddara ba za ku isa a kan lokaci ba. Ana tsakiyar titin Gate City Boulevard zai hango bishiya a bayan wurin sayar da motoci, ya yi fakin, ya fita da babbar rigarsa ta Juma'a yana cika aljihu. Daga kowace bishiya goma yake fasawa. Ya ɗora ɓawon a tafin hagu, ƙwayar a tafin dama, ya lumshe ido yana aunawa. Yawanci sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan katako ne kawai, ba kowa a ɗakin." Bishiyoyi nawa ya gwada, shi ma bai ƙirga ba, amma daga ƙarshe ga ta Irving Park ɗin nan ya koma, don ita ce mai siririn ɓawo, ƙwayarta kuma tana fita gutsure huɗu ba ta dagargajewa.

Daga cikin 'ya'yanta ya shuka huɗu a jikin shingen bayan gida. Shekara goma sha ɗaya ya jira kafin su yi 'ya'ya. Abokansa sun yi ta ce masa, "Malam, ka yi musu aure mana kamar mangwaro, ka huta da jira, ka kuma san abin da za ka samu." Amsarsa ɗaya ce: "In na yi aure, uwar zan sake samu. Ni wadda ta fi uwar nake nema." Ya san cewa abin da aka shuka daga iri ba ya bin uwarsa dole, yana iya finta, yana iya zama banza. Da suka haihu ya fasa, ya auna, ya sake jira shekara biyu don kada ya yi musu hukunci da haihuwar fari. Sannan ya aro zarto ya sare uku. Maigidana ya ce ranar Baba bai ci abincin rana ba. Ta huɗun, wadda ya bari, ta fi uwarta nesa ba kusa ba.

Bishiyar ba ta da kirki ga maƙwabtanta, wannan kam dole a faɗa. Saiwarta da ganyenta suna fitar da wani abu da ke kashe tumatir da tattasai. Hajiya ta shekara uku tana zargin ƙasar Amurka da rashin albarka kafin ta gano mai laifin. Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Sai dai aka wayi gari miya ta koma fara sal, ba tumatir, ba attarugu, ba tattasai, kwana uku a jere. Baba ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, "Kai, miyar nan ta yi daɗi, ba ta ta da ƙwannafi." A rana ta huɗu ta ajiye masa tuwon ba miyar gaba ɗaya, da ɗan faranti na ƙwallayen walnot a gefe. Ya dubi farantin, ya tashi ya ɗauki makullin mota. Ya dawo da manyan bokitai goma sha biyu da ya roƙo daga gidajen abinci, ya huda gindinsu, ya cika su da sabuwar ƙasa, ya jera su a matakalar ƙofar gaba, nesa da bishiyar. Har bara a nan Hajiya ke tsinkar attarugunta.

Kaka a gidan nan aiki ce. A baje ƙwallayen a hanyar shiga gareji, Baba ya tsaya yana ba maigidana umarni: "Ribas! Gaba! Ribas!" har tayar mota ta murje koren ɓawon. Ruwan ɓawon nan shi ke rina hannu, kuma Baba ba ya sa safar hannu, wai ba ya jin nauyin ƙwallo ta cikin roba. Hajiya takan ce ita ta auri namiji, ga shi ya fi ta ƙunshi. Bayan wanki sai bokitin ruwa: wanda ya taso sama fanko ne, a zubar, wanda ya nutse a ajiye. Fasawa kuwa da guduma ake yi a kan guntun ƙarfe, a zaƙulo ƙwayar da ƙusa. Yini guda ba ya cika kwalba biyu.

Shi ya sa abin da yake yi wa maƙwabciyarmu ba ƙarami ba ne. Mijinta ne ke fasa mata walnot duk ƙarshen shekara don kek ɗin Kirsimeti. Shekarar da ya mutu, ta buɗe ƙofa wata safiya ta tarar da kwalba cike a kan tabarmar share ƙafa. Haka aka yi ta yi shekara tara. Ba ya ƙwanƙwasawa, ba ya tsayawa a gode masa, in ta yi masa maganar a titi sai ya kama zancen yanayi. Kek ɗin da ta kawo ranar rasuwa da kwalbar ƙarshe ta yi shi.

To, ga laifina.

Ni 'yar manomi ce daga wani ƙauye a yankin Malumfashi. Karatu ya kawo ni garin nan, na haɗu da ɗan Baba, aka ɗaura aure, muka zauna a ɗakin baya na gidan Glenwood shekara biyu. Ina amarya, ina neman abin da zan yi a ce madalla. Wata rana cikin Nuwamba, su Baba sun yi tafiyar mako guda, na ce bari in wanke firij. Sai ga leda da jiƙaƙƙen yashi da baƙaƙen ƙwallaye. Na gane iri ne, don na ga ranar da ya ware su. Raina ya ɓaci. A gidanmu iri ba ya kwana da laima. Tun ina ƙarama na san a shanya shi sai ya yi ƙarau, a cuɗa da toka da busasshen barkono saboda ƙwari, a rufe a tulu. Na ce a raina, tsufa ya fara kama dattijon nan, zai ruɓar da irinsa.

Na wanke su tas. Na shanya su a rana a kan rufin mota, da rana ta yi rauni na dawo da su bakin hitar ɗumama ɗaki. Kwana shida ina juya su. Na tono toka daga murhun gashin nama, na daka barkono, na zuba a kwalba mai murfi, har da ɗaura tsumma a bakinta. Da suka dawo na durƙusa na ajiye kwalbar a gabansa ina jin kaina wata gwana. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Ya daɗe yana kallon tokar. Sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya shige ɗaki da ita.

A shekarar ne wani Alhaji ɗan Nijar, amininsa, ya ba shi gefen gonarsa a bayan gari ya ce ya shuka layi guda. Shi ne karo na farko da Baba ya samu filin da ba na haya ba. Da Maris ya zo ya ɗauki kwalbata ya je ya shuka. Ko ɗaya bai fito ba. Na tambayi maigidana, ya ce wataƙila kurege ne. Shekarar da ta biyo bishiyar ba ta yi 'ya'yan kirki ba, don haka take, shekara guda ta cika, shekara guda ta huta. Kafin ta sake cika, Alhajin ya sayar da gonar ya koma gida.

Yadda na gane, ba da faɗa ba ne. Kun san tsakanin suruki da matar ɗa, ko a Amurka kunya tana nan, ba ya duban idona, ba na zama inda yake zaune. Da kaka ta zagayo, ina wanke-wanke a bakin taga, yana tsugune a waje yana jiƙa yashi, sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, ki gaya wa mutanen gidan nan cewa irin gyaɗar sama ba a shanya shi. Ba kamar dawa ba ne. In ya bushe, ran da ke ciki ya fita. Sanyi yake so da laima, wata uku ko huɗu, sannan ya yarda ya tsiro." Hajiya tana falo, ba ta ma ji ba. Ni na ji. Farantin da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa.

Daga ranar, kowace kaka sai an gaya wa mutanen gidan nan wani abu. "Hajiya, ki gaya wa mutanen gidan nan yashin ya jiƙu ne kawai, ba ya ɗiga ba." "Ki gaya musu ana kwantar da ƙwallon ne a gefensa, zurfin yatsa." "Ki gaya musu saiwarta ƙasa take nufa kai tsaye, ba ta son dashe, inda za ta zauna nan ake shuka ta." "Ki gaya musu ba a yarda da kurege, a rufe da ragar waya a danne da bulo." Ko bayan mun tashi daga gidan, da na zo gaisuwa na nufi kicin, sai darasi ya tashi a bayan taga. Wata rana ma Hajiya tana unguwa ya yi ta kiran sunanta yana bayani. Ɗansa na cikinsa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi dai ribas da gaba.

Shekara goma sha biyu ina ɗauke da abin nan. Duk Sallah nakan durƙusa in ce, "Baba, a yafe mana," ya ce, "Ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Amma wannan gaisuwa ce ta kowa. Ban taɓa cewa, Baba, ni na kashe maka iri, ni na sa ka rasa gonar nan ba. Sau nawa na shirya maganar a mota, in na iso bakina ya yi nauyi. Baba ya raba tsiro a tukwane ga ɗalibai, amma ɗalibi ba ya zama, kuma bishiyar ba ta rayuwa a baranda. Haka bishiyarsa ta tsaya ita kaɗai. Bara da muka sayi gida mai fili a baya, ya zo ya zaga, ya damƙi ƙasar ya murza. Da kaka ya zaɓi ashirin da huɗun nan. Ciwon da ya ɗauke shi kwana biyar ne kacal.

Da Maris ya shiga na ɗauko ledar daga gidan Hajiya, na rungume ta a cinya har gida. Na yi duk abin da aka gaya wa mutanen gidan nan. Na kwantar da su a gefe, na rufe, na shimfiɗa raga, na danne da bulo. Maigidana ya ce zai taimaka, na ce ya tsaya can ya riƙe buta.

Mako ɗaya, biyu, biyar. Ciyawa ta fito, furannin maƙwabta suka buɗe, wurina ƙasa ce kawai. Na daina cin abincin kirki. Na tabbata hannuna ne, na sake kashe su. Wata safiya bayan na kai yara makaranta, na ɗaga ragar na sa yatsa na tono ɗaya. Ashe ya tsage, ya fitar da farar saiwa mai tsawon ɗan yatsa, kuma garin tonowa na karya ta.

Da shi a hannuna na tuƙa mota zuwa Glenwood. Hajiya tana cikin takaba, tana zaune a kan sallaya da carbi. Na zube a gabanta na buɗe tafina.

"Hajiya, na sake. Yana da rai, na karya shi. Wancan karon ma ni ce. Ni na shanya wa Baba irinsa, ni na sa ya rasa gonar Alhaji, kuma ban taɓa roƙonsa gafara ba. Yanzu wa zan roƙa?"

Ta karɓi ƙwallon ta duba, ta ajiye a gefen sallaya. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, ta farko tun rasuwar.

"'Yar nan, wai shi ne abin da kike ɗauke da shi? Ai ranar da kika kawo kwalbar nan, da ya shigo ɗaki ya rufe ƙofa, dariya ya yi har da hawaye. Ya ce, Hajiya, dubi, toka! Har da barkono! Na ce ba ka ji haushi ba? Ya ce ya ji mana, irin ya mutu, gonar ma ta tafi. Amma ya ce, 'ya'yan da muka haifa, da sun ga yashi a firij, bola za su kai. Wannan ta gani ta san iri ne, ta kwana shida tana yi masa hidima. Ya ce, na yi asarar iri, amma yau na ga manomi a gidana."

Na ɗago kai na dube ta.

"Kina tsammanin ni yake koya wa shuka duk shekarun nan? Ni da ko ganin bishiyar ba na son yi?" Ta share idonta da gefen mayafi. "Tashi ki je gida. Kuma ki daina tone su."

Na daina. Kwana tara bayan haka na farko ya ɗago ƙasa, jajaja-jajaja, da ganye a naɗe. Ranar da Hajiya ta fita takaba muka kawo ta gidanmu, ta tsaya a bakin ragar ta ƙirga da bakin sandar lema, goma sha ɗaya. Bishiyar Glenwood ta faɗi a watan da aka ce, ban je kallo ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa duk wanda ya ci daga bishiyoyin nan, mutum ko tsuntsu ko kuregen da ya yi ta faɗa da shi, ladan ya isa gare shi. Na gode masa da abin da ya koya mini, na fi gode masa da abin da ya ƙi faɗa mini a lokacin da faɗarsa za ta karya ni. Nan da shekara goma, in da rai, ni zan fasa, ni zan auna, ni zan yanke wadda za ta tsaya da waɗanda za a sare. Na riga na gaya wa maigidana kada ya sa ran abincin rana a ranar.